Takardun asibiti a gaban alƙali: jagora ga mai shari'ar da ta taɓa hankalin wani a Gombe

Ba kasafai ake shigar da ƙara a Gombe da sunan a duba hankalin wane ba. Maganar takan shigo ne a bayan wata. Dattijo ya sayar da gidansa na Jekadafari, 'ya'ya suka ce ba ya cikin hayyacinsa lokacin da ya sa hannu. Hajiya ta yi wa jikanta kyautar shago a Babbar Kasuwa, magada suka ce gigin tsufa ne. Magidanci ya furta saki, danginsa suka ce ciwonsa ne ya motsa. Ko kuma ƙane ya je kotu yana neman a naɗa shi mai kula da fanshon yayansa da ke kwance. Ko ta ina aka faro, za a zo inda alƙali zai ce ina hujja, sai kowa ya tuna da katin asibiti.

A nan ne ake samun mai gaggawa da mai ɓoyo. Mai gaggawa zai nemi wani sanannensa a ɗakin kati ya ɗauko masa hoton fayil da waya. Mai ɓoyo kuwa takardar na cikin durowarsa, amma ya nuna bai taɓa ganinta ba, don akwai layi biyu a ciki da ba su yi masa daɗi ba. Na farko ya kawo abin da kotu za ta iya ƙi, ya kuma jefa ma'aikacin da ya taimake shi cikin laifi. Na biyu, ranar da asiri ya tonu, alƙali zai zargi duk sauran maganarsa. Abin riƙewa tun farko shi ne, fayil ɗin nan sirrin mai larurar ne, ko da babban ɗa ne ya biya kuɗin magani. Kotu ce ke buɗe shi, kuma gwargwadon abin da shari'ar ke buƙata.

Fara sanin kotun da za ka

Ƙa'idar karɓar takarda ta danganta da inda aka kai ƙarar. In maganar gado ce tsakanin Musulmi, ko kyauta, ko wasiyya, ko aure da saki, ko naɗa wa mai larura waliyyi, gidanta kotun alƙali ce, wato kotun yanki ko babbar kotun yanki, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa waɗannan batutuwa, har ya ambaci mai taɓin hankali, da almubazzari, da wanda jikinsa ko hankalinsa ya raunana. In kuwa rigimar a kan mallakar gida ce mai takardar gwamna a cikin birni, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba Babbar Kotun Jiha hurumi. Haka ma wasiyyar da aka rubuta bisa dokar boko, irin wadda 'yan'uwanmu Kirista kan bari, Babbar Kotu ce ke duba ta. Daga ɓangarorin biyu ana iya wucewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda ke da reshe a Gombe tun 2020.

Babbar Kotu tana aiki da Dokar Shaida ta 2011 filla-filla. Kotun alƙali kuwa, a shari'ar da ba ta laifi ba, sashe na 256 na dokar ya fitar da ita daga ƙarƙashinta. Fiƙihun Malikiyya take bi, su Tuhfa da Muhtasar. Duk da haka shawarata ita ce ka shirya takardunka kamar Babbar Kotu za ka. Hatimi da sa hannu ba su taɓa rage wa takarda daraja a gaban alƙali ba, kuma ba ka san inda shari'ar za ta ƙare ba.

Tambayar da kotu ke son a amsa mata

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an nuna katin sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, shi ke nan an ci shari'a. Ba haka abin yake ba, a kowace kotun. Asalin baligi mai hankali ne, wanda ya ce babu shi ne zai kawo hujja. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da rarrabewa tsakanin wanda ciwon ya rufe shi ba ya farfaɗowa, da wanda abin ke zuwa masa yana tafiya, da mai raunin fahimta, da safihi wanda hankalinsa lafiya lau amma bai iya riƙon dukiya ba. Mai farfaɗowa, abin da ya ƙulla a lokacin da yake cikin hayyacinsa ya ƙullu. Ko a kan safihin da ba shi da waliyyi, Imamu Malik da almajirinsa Ibnul Ƙasim sun saɓa: Malik yana zartar da cinikin da ya yi kafin alƙali ya yi masa hajru, wato ya hana shi tasarrufi da dukiyarsa, Ibnul Ƙasim kuwa yana rushe shi. Ka ga a can ma magana ta koma kan ranar da aka yi abu.

A ɓangaren boko, ma'aunin da kotunan Najeriya ke komawa gare shi kan wasiyya ya fito ne daga wata shari'ar Ingila ta 1870, ta Banks da Goodfellow. Mamacin ya kasance yana jin aljanu na bin sa, har da wani mutum da ya riga ya mutu. Duk da haka kotu ta zartar da wasiyyarsa, domin ya san abin da yake rubutawa, ya san dukiyarsa, ya san masu haƙƙi a kansa, kuma ruɗanin nasa bai shiga cikin rabon ba.

Saboda haka tambayar ƙunshe take da abu biyu: wace rana, kuma wane al'amari. Ita ce za ta gaya maka takardun da za ka nema. A ce dattijon nan na Jekadafari ya sayar da gidan a watan Maris na 2022. Abin da ke da amfani shi ne bayanan asibiti na watannin da suka gabaci cinikin da waɗanda suka biyo bayansa, da farkon lokacin da aka gano ciwon. Tiyatar da aka yi masa shekara 20 da suka wuce ba ruwan kowa da ita. Wanda ya nemi a kwaso fayil ɗungurungum yakan ba ɗaya ɓangaren damar cewa tonon silili ake so, kuma alƙali mai lura zai yarda da su.

Kada kuma idonka ya tsaya a asibiti. Sau da yawa takardun da ba na likita ba sun fi faɗin gaskiya. Akwai yarjejeniyar cinikin kanta: wa ya rubuta, da wane harshe, su wa suka shaida, sa hannu ne ko dangwale, an karanta masa ko ba a karanta ba. Akwai fayil ɗin filin a hukumar filaye ta GOGIS. Akwai bayanan asusunsa na banki, waɗanda banki ba zai ba ka ba sai da umarnin kotu. Mutumin da a makon cinikin ya je banki da ƙafarsa, ya biya kuɗin makarantar jikoki, ya ja farashi da dillali har aka ƙara masa, da wuya a ce bai san me yake yi ba. Wanda kuwa kuɗin gidan suka shigo asusunsa da safe suka fice zuwa asusun wani da yamma, wannan takarda ɗaya ta isa ta sa kotu ta gyara zama.

Yadda ake fitar da fayil daga asibiti

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta mai da duk bayanin majinyaci sirri, har da cewa ya taɓa kwanciya a asibitin. Ta buɗe ƙofofi kaɗan: majinyacin ya yarda a rubuce, kotu ta ba da umarni ko wata doka ta tilasta, iyaye ko mai riƙon yaro su nema, waliyyi ko wakilin wanda ba zai iya ba da izini ba ya nema, ko kuma ɓoyewar ta zama barazana ga lafiyar jama'a.

In mai larurar yana raye kuma yana ganewa, hanya mafi sauƙi ita ce ya sa hannu da kansa, a lokacin da yake garau, ba tare da an tsaya masa a ka ba. Ana rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban asibitin, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ne, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko na kuɗi. A sa cikakken suna, da lambar da ke jikin katin, da tsakanin watannin da ake so, da dalilin nema. Lambar katin nan ita ce mabuɗi. In babu ita, a garin da masu suna iri ɗaya suka yi yawa, za a sha jira. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka dawo da shi. Ka tuna kuma mutanenmu kan kai majinyaci asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ko na Barnawa a Kaduna, wani lokaci don gudun idon sani. Tambayi matan gidan, su ne suka san inda aka taɓa zuwa da inda aka ajiye katin.

Ƙofar waliyyi ko wakili ita ce mai rikici. In 'ya'ya sun rabu gida biyu, kowa zai ce shi ne wakili. Asibitin da ya san aikinsa zai ce a kawo takardar kotu, kuma bai yi laifi ba. Haka nan in majinyacin ya rasu. Mutuwa ba ta mai da fayil ɗinsa kayan gado ba. A waɗannan halaye kada ka ɓata lokaci da roƙo ko neman alfarma, ka nemi umarnin kotu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ma ba za ta yi maka aiki a nan ba, domin ta keɓe bayanan da suka shafi mutum shi kaɗai da sirrin da ke tsakanin ma'aikacin lafiya da majinyaci.

A Babbar Kotu lauyanka ne zai nemi sammaci. Iri biyu ne, kuma ana yawan rikita su. Akwai sammacin kawo takarda kawai: ma'aikacin ɗakin kati ya zo da fayil, ya miƙa, ya tafi, ba a yi masa tambaya domin kawo takarda bai mai da shi shaida ba. Akwai kuma sammacin ba da shaida, wanda ake aika wa likitan da ya duba majinyacin. In kana son a fassara wa kotu abin da ke ciki, na biyun kake buƙata, ko duka biyun. A kotun alƙali kuwa da baki ma ana roƙo, a rubuta a littafin kotu. Ya isa ka ce: "Allah ya gafarta Malam, mahaifinmu yana da fayil a asibiti kaza, ga lambar katinsa. Muna roƙon kotu ta rubuta musu su kawo bayanansa daga watan kaza zuwa watan kaza, kuma a kira likitan da ke duba shi." Sai ka bi sawu wajen magatakarda ka tabbatar takardar ta fita, an kai, an sa hannun karɓa. Yawancin ɗage shari'a a wannan gaɓar daga sammacin da ya kwana a ofis yake.

Ga mai sha'awar bin ta bayan gida: sashe na 29 na dokar 2014 ya sa hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 2, ko tarar Naira 250,000, ko duka biyun, ga wanda ya buɗe bayanan majinyaci, ko ya kwafa, ko ya sauya su ba da izini ba. Gaskiya ne Dokar Shaida ta bar wa alƙali damar auna ko zai karɓi hujjar da aka samo ta haramtacciyar hanya, amma hoton waya na takardar asibitin gwamnati yana da wata matsalar da ta fi wannan.

Matsalar ita ce hatimi. Kotuna sun sha ɗaukar bayanan asibitin gwamnati a matsayin takardun hukuma, kuma kwafin takardar hukuma ba ya shiga shaida sai wanda aka tabbatar, wanda lauyoyi ke kira CTC. Sashe na 104 na Dokar Shaida ya faɗi siffarsa, kuma yana da kyau ka duba da idonka kafin ka bar ofishin. A ƙasan kwafin za a rubuta cewa kwafi ne na gaskiya, a sa kwanan wata, jami'in ya rubuta sunansa da muƙaminsa ya sa hannu, a buga hatimi in ofishin na da shi, kuma a biya kuɗin da aka ƙayyade. Riƙe rasit ɗin, ka maƙala shi a jiki. Ka roƙi a buga kowane shafi, kada a tsaya a na sama. Sau da yawa abin da ake mantawa shi ne muƙamin jami'in ko kwanan wata, kuma lauyan ɗaya ɓangaren can zai fara kai ido. In bayanan daga kwamfuta aka buga su, ko saƙon waya ne, ko bidiyon dattijon yana magana, sashe na 84 na son ƙarin takardar shaida da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da bayanin. Asibitin kuɗi kuma takardunsa ba na hukuma ba ne, don haka a zo da na asali.

Karanta abin da aka kawo

Fayil ya zo, sai mutane su yi ta neman sunan ciwo su ja masa layi. Bar sunan ciwon tukuna, ka duba shafin farko na ranar da aka fara kai shi. Likitan ƙwaƙwalwa yakan rubuta wanda ya kawo majinyacin da wanda ya ba da labari. Sau da yawa za ka tarar duk zancen cewa yana fita cikin dare, yana rabar da kuɗi, ba ya gane mutane, daga bakin ɗan rakiya ya fito. In ɗan rakiyan nan shi ne mai ƙara a yau, to wannan ɓangaren da'awarsa ce da likita ya rubuta, ba abin da likita ya gani ba. Abin da likita ya gani yana ƙasa, inda ya rubuta shigarsa, da yadda yake magana, da ko ya san ranar da ake ciki, da inda yake, da waɗanda ke tare da shi, da ko ya yarda cewa ba shi da lafiya.

Za ka iya ganin maki bisa 30. Gwajin ƙwaƙwalwa ne da aka tsara a Amurka a 1975, kuma a cikinsa ana sa mutum ya yi ta cire 7 daga 100, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane. Attajirin hatsi na Tudun Hatsi da ya yi karatun allo bai yi boko ba, wanda ke riƙe lissafin buhu ɗari a ka, yana iya zubar da maki a kan biro da takarda alhali lafiyarsa ƙalau. Tambaya ta halal ce a yi wa likita: da wane harshe aka yi gwajin, Hausa ko Fulatanci ko Turanci, wa ya yi tafinta, kuma an yi la'akari da karatunsa?

Duba magungunan da yake sha a lokacin, domin wasu kan sa barci da sanyin jiki. Duba ko ruɗewar ta zo ne da zazzaɓi, ko hawan suga, ko ciwon ƙoda, irin wadda kan wuce cikin kwanaki in an magance sababinta. Duba ranakun da ya kamata ya dawo bai dawo ba. In kwanakin sun yi tsalle daidai watan da ake rigima a kai, ko rubutun wani shafi ya bambanta da na kusa da shi, a nemi ganin fayil na asali a gaban kotu. Wanda kuwa aka fara kai shi wajen malamin ruƙiyya ko mai maganin gargajiya, kamar yadda aka fi yi, babu takarda a can. Sai dai a kira su shaida, tare da liman da maƙwabta da abokan kasuwa. A kotun alƙali shaidar adilai biyu da suka yi hulɗa da shi a lokacin tana da nauyi ƙwarai, likita kuma ana jin sa a matsayin masani.

In za a nemi sabon rahoto, a yi wa likita tambaya takamaimai. Wasiƙar da ta ce kawai wane majinyacinmu ne, yana fama da kaza, ba ta amsa komai ba. A tambaye shi: a ganinka, zai iya fahimtar sayar da gida da abin da ke biyo baya? Zai iya riƙe bayanin, ya auna, ya faɗi zaɓinsa? In kan abin da ya wuce ne, me fayil ya nuna game da wancan watan? Likita nagari zai faɗi iyakar abin da zai iya tabbatarwa, kuma irin wannan rahoton ya fi tsayawa in an zo titsiye. A nema da wuri, domin ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha kokawa. A kuma kiyayi takardun da masu ruwa da tsaki ke rubutawa bayan rigima ta kunno kai. Sashe na 83 na Dokar Shaida ya rufe musu ƙofa.

Nuna wa abokin shari'a

Takardar da za ka dogara da ita dole abokin shari'arka ya gan ta, ya samu lokacin amsawa. Wannan shi ne adalcin sauraro da sashe na 36 na Tsarin Mulki ya tanada, kuma a fiƙihunmu shi ne ruhin i'izari: alƙali ba ya yanke hukunci sai ya sanar da wanda hujja ta hau kansa, ya ba shi dama ya soki shaida ko ya kawo tasa, ya tambaye shi ko yana da sauran magana. Kotunan sama sun sha rushe hukunci don an tsallake i'izari. In aka karanta rahoton likita a kanka ba a ba ka kwafi ba, ka miƙe cikin ladabi ka roƙi kwafi da lokaci, ka kuma roƙi a rubuta roƙon naka.

In takardar a hannun abokin shari'a take, ƙa'idojin Babbar Kotu sun ba da hanyar da za a sa shi ya lissafa takardun da ke wurinsa bisa rantsuwa, a kuma ba ka damar dubawa. Akwai kuma sanarwar neman ya kawo takarda. Ita wannan ba ta tilasta shi. Amfaninta shi ne in ya ƙi, sai a ba ka damar shigar da kwafin da ke hannunka. Mai ɓoyo kuma ya san da sashe na 167 na Dokar Shaida, wanda ya ba kotu damar ɗauka cewa hujjar da mutum ya danne da an kawo ta da ta kayar da shi. Abin da doka ta kare shi ne zancen da ke tsakaninka da lauyanka. Sirrin likita kuwa umarnin kotu na buɗe shi.

Don haka ka ba lauyanka komai, har da shafin da ya nuna Baba ya samu sauƙi a watan Afrilu. Gara ya san da shi a ofis da ya fara jin sa daga bakin ɗaya lauyan.

Shi kansa wanda ake magana a kansa

Wannan ne aka fi mantawa da shi. Za a shekara ana jayayya a kan hankalin mutum yana zaune a zaure a Bolari, ba wanda ya gaya masa. Alhali dukiyarsa ce, sunansa ne, kuma hajru ba ƙaramin abu ba ne. Ya kamata a sanar da shi ƙarar, a bayyana masa abin da takardun suka ce da harshen da yake ji, a kuma roƙi alƙali ya gan shi ya yi magana da shi. Sashe na 175 na Dokar Shaida bai hana mai larurar ƙwaƙwalwa ba da shaida ba, sai in larurar ta hana shi gane tambaya da ba da amsa mai ma'ana. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙarfafa haƙƙinsa na sirri da na samun wakili. In ba zai iya tsaya wa kansa ba, wanda zai tsaya masa ya zama mutumin da ba ya da riba a hukuncin. Ɗan da ke jiran gidan bai dace ya zama bakin uban a shari'ar gidan ba.

A Ingila akwai kotu ta musamman kan irin waɗannan batutuwa, ƙarƙashin dokarsu ta 2005, wadda ta fito fili ta ce yanke shawarar da mutane ke gani wauta ce bai isa a ce mutum ba shi da hankali ba. Ko a can, ɓoye wa wani ɓangare takarda ya jawo ce-ce-ku-ce, har kotun ta fitar da jagora a 2023 da ke nuna ba a yin haka sai bisa tsananin larura. A nan ma, in akwai abin da ake tsoron fitarsa zai cutar da majinyacin, alƙali za a kai wa maganar shi ya yanke, ba kai za ka cire shafi da hannunka ba. Ana iya roƙon kotu ta fara duba fayil ɗin ita kaɗai, ta ware abin da ya shafi shari'ar, a rufe sauran. Fayil ɗin ƙwaƙwalwa yakan ƙunshi sirrin wasu: zaman aure, tarihin ciwo a dangi, abin da mutum ya faɗa wa likita game da matarsa ko ɗan'uwansa. Ana kuma iya roƙon a rage 'yan kallo ranar da likita zai yi bayani. Asali shari'a a bainar jama'a ake yi, amma Tsarin Mulki ya ambaci kare sirrin rayuwar masu shari'a cikin dalilan da ke sa a keɓe.

Kwafin da aka ba ka kuma na shari'ar ne kaɗai. Tura shi zauren WhatsApp na dangi don a ga kai ne mai gaskiya zalunci ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu tsananin kariya. Kowa ya san yadda garin nan yake: kalma ɗaya ta fita cewa akwai taɓin hankali a gidan su wance, sai masu neman aure su janye, har da na jikokin da ba su ji ba ba su gani ba. Da wannan takardar za a ci shari'a, da ita kuma za a ɓata gidan da ake shari'ar dominsa.

In kotu ta naɗa ka waliyyi, aikin takarda yanzu ya fara. Buɗe littafi, rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, tara rasit na magani da na abinci, kada ka haɗa kuɗinsa da naka. Ranar da ya samu lafiya, da sabon rahoton likita za a koma kotu a mayar masa da ikonsa, kuma zai iya tambayar lissafi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nufi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Gombe. Mata kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Kai kuma da ba ka kai ga kotu ba tukuna, in mahaifinka ya manyanta ko ya taɓa jinyar ƙwaƙwalwa, kuma yana son ya sayar da gida ko ya yi kyauta ko wasiyya, ka kai shi likita a makon da za a yi abin. A duba shi shi kaɗai, a rubuta cewa ya fahimci wannan al'amari a wannan rana, a kira shaidun da ba su da rabo a ciki, a karanta masa takardar da Hausa ko Fulatanci kafin ya sa hannu, kuma kowane ɗaki na gidan ya samu labari tun yana raye.